Zafi na raba mai gida da baƙonsa: daga murjanin teku zuwa saiwar waken Azagor

Duk wanda ya daɗe cikin kasuwar Maradi ko ta Dakoro ya san murjani, jan dutsen wuyan nan da fatake suka riƙa ƙetaro hamada da shi daga Tarabulus. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, murjani ƙashin wata ƙaramar dabbar teku ne. Jan da mata ke ado da shi daga Bahar Rum yake fitowa, amma yana da dangi cikin tekuna masu ɗumi, waɗanda ke gina manyan tuddai ƙarƙashin ruwa, kuma da duwatsun irin waɗannan tuddai aka gina tsofaffin gidajen Jidda da na Sawakin, tashar da alhazan ƙafa ke shiga jirgin ruwa a zamanin da. Waɗannan dangi ne ciwo ya kama, ciwon da ke da ɗan'uwa cikin gonakin waken Azagor.

Dabbar murjani ba ita kaɗai take zaune ba. Cikin namanta akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, da ido ba ya gani, waɗanda kan kai miliyan a fili kamar faɗin farce. Zaman nasu zaman ciniki ne. Mai gida ya ba da ɗaki da taki, baƙi kuwa su yi amfani da hasken rana su haɗa sukari su ba shi, har abin da suke bayarwa kan kai kashi 90 cikin 100 na abincinsa. Launin murjanin ma yawancinsa nasu ne. To, idan zafin ruwa ya ɗara wanda aka saba gani a watan da ya fi zafi da digiri ɗaya tak, kuma ya zauna haka sati huɗu ko fiye, sai cinikin ya lalace, baƙin su fice, naman ya koma garau kamar ƙwalba, farin ƙashi ya bayyana. Shi ne masana ke kira farin murjani. Dabbar ba ta mutu ba tukuna, yunwa ce ta fara.

An daɗe ana cewa zafi da haske ne ke sa baƙin fitar da guba, mai gida ya kore su. Wani bincike da aka buga a shekara ta 2021 bisa murjanin Bahar Maliya ya ƙara wani abu mai ban mamaki: tun kafin fari ya bayyana an riga an ci amana. Zafi na ƙara wa dabbar buƙatar abinci, sai ta shiga ƙona naman jikinta, abin da ke sakin sinadarin azot da yawa. Baƙin da a da ake auna musu azot kaɗan-kaɗan, da suka same shi a banza, sai su riƙe sukarinsu su yi ta hayayyafa. Wanda ya taɓa ba da kuɗin jari ga yaron shago ya san irin wannan labari.

Bayan gansakukar akwai kuma ɗimbin ƙwayoyin bakteri cikin majinar da ke lulluɓe da murjani, kuma su ma zafi na juya su. Waɗanda aka saba gani a jikin lafiyayye sukan ragu, masu jiran ɓaraka su yawaita, musamman dangin Vibrio, gidan da ƙwayar kwalara ta fito. Sai dai ba duka baƙi ne ke gudu ba. Akwai wani irin gansakuka, Durusdinium, mai jure zafi, kuma murjanin da ya farfaɗo daga fari sau da yawa akan tarar shi ne ya cika ɗakunan. Yana ƙara wa mai gida juriyar digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma marowaci ne, murjanin da ya riƙe shi ba ya saurin girma. A 2021 ɗin dai, ƙungiyar malama Raquel Peixoto, ƴar ƙasar Barazil, ta nuna cewa murjanin da aka zuba wa zaɓaɓɓun bakteri cikin kwamin gwaji ya tsira duka daga zafi, alhali kashi 40 cikin 100 na wanda ba a zuba wa ba ya mutu. Kwamin gwaji dai ba teku ba ne.

Matsalar ita ce lokaci. Fari ya game tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sa'an nan na huɗu wanda ya fara a 2023, inda zuwa watan Maris na 2025 zafin ya taɓa kashi 84 cikin 100 na tuddan murjanin duniya. Tudu na buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya murmure, ga shi tazarar da ke tsakanin fari da fari, wadda ta kai shekara 25 zuwa 30 a farkon shekarun 1980, ta dawo wajen shekara 6 a 2016.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Nijar, ƙasar da ba ta da gaɓar teku. Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. A Azagor, can arewacin jahar Maradi wajen kwarin Tarka, kusa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, ana shuka wake tsakanin hatsi cikin jigawa wadda ba ta cika ganin takin zamani ba. Amma waken na yi, har Nijar ta zama ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Najeriya, inda motoci ke kai shi buhu-buhu. Sirrin shi ne wake ma yana da baƙi. Idan aka tuge shi a hankali za a ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, waɗanda wasu ke ɗauka ciwo ne. Ɗakunan bakteri ne da ake kira rizobiyom. Wake na ba su sukari, su kuma su kamo azot daga iska su mai da shi taki, aikin da masana'antar takin ure ke yi da wuta mai tsada.

A nan ma launi ne shaida. A tsaga ƙullin da farce lokacin da wake ya fara fure: in cikinsa ja-ja ne kamar nama, baƙin na aiki, in fari ne fat a wannan lokaci, ba a samun komi gare su, in ya yi kore ko ya yi baƙi, an tashi daga ciniki. Rairayin Sahel da tsakar rana yakan wuce digiri 50 a samansa, ga shi aikin ƙullin na raguwa sosai da zarar zafin da ke kewaye da saiwa ya doshi 40. Idan ruwa ya ɗauke sati biyu ko uku tsakiyar damana, kama azot na iya raguwa. Manomi zai ga ruwa ya dawo, wake bai mutu ba, amma ganye ya yi fatsi-fatsi, kwanso bai cika ba, harawar da makiyayan yankin ke saye da rani ta yi ƙaranci.

Akwai abin da ya kamata masu sayar da taki da ma'aikatan gona su riƙe. Kamar yadda yawan azot ke ɓata zaman murjani, haka yake ɓata na wake, sai dai a nan mai gida ne ke juya baya: waken da aka tula wa ure ba ya yin ƙulli sosai, tunda ya samu a sauƙaƙe. Abin da ƙasar ta fi rasa shi ne fosfat, wanda ƙullin ke buƙata ƙwarai. Sayar wa mai gonar wake buhun ure a madadin fosfat cin kuɗinsa ne sau biyu.

Masu jure zafi kuwa akwai su a ƙasa kamar yadda suke a teku. A 1992 masu binciken ORSTOM a Senegal sun tarar da rizobiyom da rai ƙarƙashin itacen gawo har zurfin mita 34, inda zafin sama ba ya kaiwa. A arewacin Gana an gwada shafa wa irin wake bakterin da aka zaɓo a Barazil, amfanin ya ƙaru. Cibiyar INRAN ta Tarna, wadda ke aikin zaɓen irin wake irin su TN5-78, ita ce ta fi cancanta ta tono na jigawar Dakoro ta tantance su, domin waɗanda suka rayu a can sun riga sun ci jarrabawar zafi.

Kafin nan, abin da ke hannun manomi shi ne inuwa. Karan hatsin da aka bari a gona da kututturan da aka raina ta hanyar sassaben zamani, wanda ya faro a jahar Maradi cikin shekarun 1980, suna sanyaya saman ƙasa, su kuma riƙe laima. Malamin gona da ya je rangadi Azagor cikin watan Agusta, bayan ya ƙidaya buhunan irin da aka raba, yana iya tuge wake biyar a gonar da ke da itatuwa, biyar a wadda aka share ƙaf, ya tsaga ƙullin gaban mai gona, su duba launin tare.