Daga ƙaramin babur zuwa babba: hawa-hawa ake hawan tsani

Duk wanda ya taɓa zama bakin babbar hanya da marece, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ya san wannan ƙara. Ba irin ta baburan ƴan kabu-kabu ba ce, wadda kunne ya saba da ita tun asuba. Wata ƙara ce mai kaifi da ke tasowa daga nesa, kafin mutum ya waiwaya mai ita ya wuce, ya duƙa bisa tanki kamar mai sukuwa. Babur ɗin tsere ke nan. Samarin fada da ke shan shayi su bi shi da ido, kowane da ƙaramin baburinsa jingine kusa, kowane yana lissafin ranar da zai sayar da shi ya sayi babba.

Wannan buri ba abin zargi ba ne. Saurayin da ya yi guminsa ya tara kuɗinsa yana da ikon hawan abin da ransa ke so. Abin dubawa shi ne hanyar da ake bi a kai ga burin, domin da yawa suna ɗauka cewa wanda ya shekara uku ko huɗu bisa babur mai lamba 125 ya gama koyo, saura kuɗi kawai. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskure ne da ake biya da ƙashi, wani lokaci da rai.

Bari a fara da lissafi. Lambar da ake kiran babur da ita, 125 ko 600, girman cikin injinsa take nunawa. Mai sauraro zai ce ashe 600 bai kai ninki biyar na 125 ba. Amma ƙarfi ba haka yake tafiya ba. Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1970, kuma ƙananan babura da yawa suka kwaikwayi injinsa, ƙarfin doki kamar 11 gare shi, da ƙyar yake wuce kilomita 100 a awa. Yamaha R6 kuwa, wanda ya fito a 1999, ƙarfinsa ya kusa doki 120, yana wuce kilomita 250 a awa, kuma daga tsaye yakan kai kilomita 100 cikin daƙiƙa uku da ɗan abu. Nauyinsa bai ninka na ƙaramin sau biyu ba, ƙarfinsa kuwa ya ninka sau goma. Cikin giya ta fari kaɗai yana iya wuce iyakar gudun da ƙaramin ke yi cikin giyarsa ta ƙarshe.

To, a nan ne sabo ke zama tarko. Ƙaramin babur mai yafiya ne. Mahayinsa ya saba murɗa totur har ƙarshe, domin in bai yi haka ba ba zai wuce amalanke ba. Ya saba taka birkin baya kaɗai. Ya saba, in ya shiga rairayi, ya sa ƙafa ƙasa ya tallabe babur. Duk waɗannan ɗabi'u ne da hannu da ƙafa suka haddace, ba sa jiran shawarar ƙwaƙwalwa. Ranar da wannan hannu ya kama totur ɗin babur mai doki 120, murɗawar da ya saba yi za ta ɗaga ƙafar gaba sama, ko ta sa ta baya ta zame. Birkin gaba na babur ɗin tsere, wanda shi ne ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa, yatsu biyu sun ishe shi. Wanda ya damƙe shi da tsoro sai ya kife ta gaba. Haka kuma injin mai silinda huɗu yana da yaudara: a ƙananan juyi yana tafiya lafiya lau kamar rago, sai ya wuce juyi dubu goma a minti sannan ƙarfinsa ya zo gaba ɗaya. Sabon mahayi yakan zaci ya san halin abin hawansa alhali bai ga rabinsa ba.

Akwai kuma hukuncin gudu, wanda ba ya duban fuskar kowa. Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin mita 17 kowace daƙiƙa. Mai tafiyar 120 yana cin mita 33. Kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta tafi. Bayan haka, in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata ninkawa yake sau huɗu. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10. A gudun 100 kuwa, daga tsawon kusan mita 40. Babu jarumtakar da ke rage ko taku ɗaya daga wannan lissafi.

Ƙasashen da ke ƙera waɗannan babura sun daɗe da gane haka. Faransa ta fara gwada hanyar hani: daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa 2016 doka ta hana babur wuce ƙarfin doki 100 a hanyoyinta. Daga baya ta bar wannan, ta dogara ga tsani. Tun Janairun 2013 ƙasashen Tarayyar Turai ke aiki da permi hawa uku. Hawa na fari, A1, na babur ne da bai wuce 125 ba, ƙarfinsa kuma bai wuce doki 15 ba. Na biyu, A2, daga shekara 18, iyakarsa kilowat 35, wato kamar doki 47. Na uku, A, shi ne ke buɗe ƙofar kowane irin babur. A Faransa, tun 2016, ko mutum ya yi furfura, sai ya shekara biyu da A2, ya ƙara horon awa bakwai, kafin a ba shi A. Japan ma, mahaifar Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, ta raba permin babur da bai wuce 400 ba da na wanda ya fi haka. Masu ƙira kuwa sun bi doka, sun cika kasuwa da baburan tsakiya irin Yamaha R3, Kawasaki Ninja 400 da Honda CB500F, masu ƙarfin doki 40 zuwa 47. Waɗannan su ne matakin da samari da yawa ke tsallakewa, suna ganin kamar raini ne a gan su a kai.

In ƙasashe masu santsin kwalta da motocin ɗaukar marasa lafiya a kowane lungu sun ga wajibi ne a hau a hankali, ina ga ƙasar Sahel? An ƙera babur ɗin tsere domin hanya mai tsabta. Cikinsa kusa yake da ƙasa, tayoyinsa ba su san rairayi ba, kansa ba ya juyawa sosai cikin cunkoso. Hanya mai lamba ɗaya, wadda ta bi ta Yamai da Dosso da Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, tana da miƙaƙƙun wurare masu kiran mahayi ya saki linzami, amma ta ratsa garuruwa da kasuwanni, jakuna da shanu da yara ƴan makaranta suna tsallaka ta. Iska na shimfiɗa rairayi a kan kwana, ƙurar hunturu na rage gani. Man kwalba na bakin hanya, in da datti a ciki, yana toshe injin zamani. Taya da ta tsufa ta bushe ba ta riƙe kwalta ko da zanenta bai cinye ba. Kuma mahayi ba shi kaɗai ke biyan kuɗin kuskurensa ba: mai tallar da ke gefen hanya ba ta sayi babur ba, amma ana iya binne ta saboda shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suka mutu a haɗarin hanya cikin shekarar 2021, fiye da kashi ɗaya cikin biyar mahaya babura masu ƙafa biyu da uku ne, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan mutane huɗu. Na fari shi ne saurayin kansa: ya ratsa ta babur ɗin tsakiya, ya shekara ɗaya ko biyu a kai, ya koyi birkin gaba a fili marar jama'a, ya nemi mai birkin ABS wanda ke hana ƙafa kullewa. Kuɗin kaske, wato hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu da riga mai kauri da takalmi mai rufe idon sawu, a lissafa su cikin kuɗin babur tun farko; wanda bai iya sayen su ba, bai kai ga sayen babur ɗin ba tukuna. Na biyu uba ne ko yaya mai ba da kuɗi ko aron makulli: ya tambayi me yaron ya taɓa hawa, tsawon wane lokaci. Na uku mai sayarwa ne, wanda ribar yini ɗaya ba ta kai ya miƙa doki 120 ga wanda jiya ya sauka daga doki 11 ba. Na huɗu hukuma ce: permin babur ya tafi daidai da ƙarfin injin, a jarraba mahayi bisa babur na gaske, jandarmomi da ƴan sanda kuma su duba cewa takarda ta dace da abin da ake hawa.

Magabata masu dawaki sun riga kowa sanin wannan. Ba a ɗora yaro bisa ingarma ranar hawan salla don kawai ya iya korar jaki zuwa rijiya. Ana fara shi da doki mai sanyin hali, ya san linzami, ya san likkafa, ya faɗi inda faɗuwa ba ta kisa. Da rarrafe yaro kan tashi. Babban babur ba zai gudu daga kasuwa ba. Shekara biyu na haƙuri ba su rage wa saurayi komai, sai ma su kai shi ranar da zai hau shi da safe ya komo gida da marece, uwarsa ta ji ƙarar daga nesa ba tare da gabanta ya faɗi ba. Allah ya kiyaye hanya.