Arahar Mazda RX-8 da Bashin da Ke Cikin Injinta

A kasuwannin motocin hannu na Ingila da Amurka akwai wata mota da farashinta kan sa mutum ya sake duba tallar, ko kuskuren rubutu aka yi. Mazda RX-8 ce, motar tsere mai kwanciya ƙasa, mai kujeru huɗu da ƙananan ƙofofin baya, ga ƙarfin doki kusan 230 a samfurin da ake sa wa giya da hannu. Sau da yawa kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba. Masoyanta kan ce kasuwa ta zalunce ta, alhali kuwa kasuwa lissafi ta yi. Ta cire kuɗin sabunta inji daga farashin, ta bar wa mai saye ya biya shi daga baya, kuma duk wanda bai ga wannan bashi ba kafin ya karɓi makulli, zai gan shi a gareji.

Asalin maganar yana cikin injin, domin ba irin wanda aka saba da shi ba ne. Babu fistan a cikinsa, babu bawul. Wani injiniya Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro tsarin, Mazda ta sayi izinin ƙera shi a 1961, ta riƙe shi bayan sauran kamfanoni sun watsar, har ta ci tseren Le Mans da shi a 1991. A maimakon fistan mai hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa. RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, tana da irin wannan majuyi guda biyu, girman injin duka lita 1.3, amma yana iya juyi 9,000 a minti ba tare da karkarwa ba. Ƙanƙantarsa ce ta ba da damar tura shi bayan ƙafafun gaba, nauyin motar ya rabu daidai gaba da baya. Wanda ya taɓa shan kwana da ita ya san ba a banza ake yabonta ba.

Sai dai a kan kowace kusurwa ta majuyin akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bangon ɗakin, yana yin aikin da ringi ke yi wa fistan, wato hana matsi zurarewa. Waɗannan ƙarafa su ne ran injin, kuma kullum cikin cinyewa suke. Don a rage gugar, an yi wa injin famfo na musamman da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin ƙonewa, ya ƙone tare da fetur. Ke nan shan baƙin mai a wannan mota ba alamar cuta ba ne, haka aka gina ta. Mai ita zai riƙa duba ma'aunin mai kusan duk lokacin da ya sha fetur sau biyu, ya ƙara in ya ragu. Direban da ya saba da motar da ba a buɗe bonet ɗinta sai ranar juye, shi ne yake kashe RX-8 yana ganin kula yake yi da ita.

Haka ma lallaɓawa. A yawancin motoci tuƙi a hankali tattali ne. A nan kuwa gajerun tafiye-tafiye da rarrafe cikin cunkoso su ke tara baƙin toka a jikin majuyin, ƙarafan kusurwa su maƙale. Injin yana buƙatar ya yi zafi sosai, a kuma taka shi lokaci-lokaci. In aka tayar da shi da sanyi, aka matsar da motar daga bakin ƙofa, aka kashe nan take, fetur na iya jiƙa filogi ya wanke man da ke bango, washegari ta ƙi tashi. Samfuran farko sun fi fama da haka saboda sitatarsu ba ta juyi da sauri, har sai da kamfanin ya fito da mai ƙarfi.

Mafi sharrin matsalolin ita ce wadda ke farawa da abu mai araha. Kowane majuyi yana da filogi biyu, kowane filogi da kwayil ɗinsa, kuma kwayil ɗin nan ba sa daɗewa. Idan suka raunana, motar takan ci gaba da tafiya, mai ita bai ji komai ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya gangara salansa, ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi. Matatar ta narke ta toshe, zafi ya koma wa injin, ƙarafan kusurwa da robobin da ke raba ruwa da wuta su biya kuɗin. Daga kwayil huɗu da ba su kai kuɗin taya biyu ba, sai a wayi gari ana maganar sauke inji, aikin da sau tari ya fi kuɗin da aka sayi motar.

Masoya motar suna son ɗora laifin duka a kan masu ita na farko, cewa ba su karanta littafin jagora ba. Wannan rabin gaskiya ne. Mazda ce ta sa wa motar kujeru huɗu da ƙofofi huɗu, ta tallata ta ga magidancin da ke son motar tsere wadda kuma za ta kai yara makaranta, ta sa inji mai sharuɗɗa a hannun mutanen da ba a shirya su ba. Kamfanin da kansa ya nuna ya san da matsala: a Amurka ya tsawaita garantin injin samfuran 2004 zuwa 2008 zuwa shekara takwas ko mil 100,000, sannan a samfurin 2009 ya ƙara wa kowane majuyi hanyar ɗigar mai ta uku. Wannan garanti ya ƙare tuntuni. Mai saye a yau shi kaɗai ne da aljihunsa.

Ko lafiyayya ce, ciyar da ita ba wasa ba ne. Ƙididdigar hukumar muhalli ta Amurka ta ba ta mil 16 a galan cikin gari, 22 a babbar hanya, wato kilomita bakwai zuwa takwas a lita idan aka haɗa, cin babbar jif a jikin ƙaramar mota. Hayaƙinta ne ya fitar da ita daga kasuwar Turai a 2010, a Birtaniya kuma waɗanda aka yi wa rajista bayan Maris na 2006 suna cikin rukuni mafi tsada na harajin hanya. Ga tsatsa da ke cin ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu.

Saboda haka ba fenti ko adadin mil ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne takardar gwajin matsi, da na'urar da aka yi don irin wannan inji, wadda ke ba da lamba uku ga kowane majuyi, ɗaya ga kowace fuska. Ma'aunin injin fistan ba ya nuna wannan. Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo: a tuƙa motar ta yi zafi, a kashe, a sake tayarwa bayan 'yan mintuna. Inji mai rauni yakan tashi lafiya da sanyi, ya yi ta ja da zafi, shi ya sa wasu dillalai suka fi son mai saye ya zo da sassafe.

Ga wanda ya hango ta a shafukan gwanjon Amurka yana tunanin shigo da ita ta Legas ko Kwatano, lissafin ya ƙara nauyi. Zafin Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato ba ya yafe wa lagireto mai rauni, kuma injin nan zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lalata shi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, lita ta daina zama abin da ake mantawa da shi. Makanikin da ya ƙware a Toyota da Honda kuwa, in ya buɗe wannan inji ba zai ga ko ɗaya daga abubuwan da ya sani ba, kayan gyaran ma sai an yi odarsu daga waje da dala. Mai wata motar ta zirga-zirga, wanda ya ware kuɗin inji a gefe tun ranar saye, ya kuma san wanda zai yi masa aikin, shi ne zai iya morar RX-8 a farashin da ake tallata ta.