GYARA KAYANKA: Ina za a aje littafi a ƙaramin ɗaki?

Bayan an rufe karatun yaƙi da jahilci, manoma sun koma gona, wani magidanci na wani ƙauye kusa da Kornaka ya tattara littafin karatunsa da kayensa biyu, ya haɗa da takardun haihuwar yaransa, ya sa cikin kwali, ya tura ƙarƙashin gado. Bai sake waiwayar kwalin ba sai da kaka, ranar da mushen lakkol ya nemi takardar haihuwar babban ɗansa. Da ya jawo kwalin sai gindinsa ya zube. Gara ta shigo ta ƙasa ta cinye kome, saura jar ƙasa da guntayen takarda. Sai da ya nemi shaidu, ya yi ta zirga-zirga zuwa gidan shari'a na Dakoro, ya kashe kuɗin mota da kwanakin aiki, kafin ya samu wata takarda. Littafin kuwa bai samu madadinsa ba, karatun wata huɗu ya fara gudu daga kansa.

Abin da ya samu mutumin nan yana samun mutane da yawa. Tun da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar a farkon shekarun 1960, takarda tana ta ƙaruwa a gidajen karkara. Yau a gida guda akwai Alƙur'ani da littattafan addini, akwai kayen ƴan lakkol, akwai karnen awon jarirai, da katin ɗan ƙasa. Tun daga dokar karkara ta 1993 kuma an samu takardar shaidar gona, wadda ita ke raba gardama idan rikicin iyaka ya tashi. Amma ɗakin bai ƙaru ba. Gado, tabarma, jeren uwargida, buhun hatsi, duk suna cikin shigifa guda ko kago guda. To, ina takarda za ta zauna?

Sai a fara da sanin abokan gabanta. A ƙasar Dakoro guda biyar ne: gara, kusu, ruwan damana, ƙurar hunturu, da hannun ƙaramin yaro. Gara daga ƙasa take tasowa, tana bin bango cikin hanyar da take ginawa da laka. Ruwa daga rufi yake ɗigowa, ko ya kwararo ta bakin ƙofa. Saboda haka doka ta fari ita ce: kada takarda ta taɓa ƙasa, kada kuma ta manne da bangon laka. Doka ta biyu: wurin da babu kowa a ƙaramin ɗaki shi ne sama. Ƙasa ta cika, amma bango daga ƙirjin mutum zuwa rufi a banza yake. Ga dubaru huɗu na cin amfanin wannan wuri.

Dubara ta fari ita ce kanta mai rataye. Mata sun daɗe da sanin ragaya, wadda suke rataye ƙwaryar nono don kada kyanwa da tururuwa su kai gare ta. Haka za a yi wa littafi. A samu katako mai tsawon santimita 70 ko 80, faɗinsa santimita 25, watau taki guda da ɗan ƙari. Wannan faɗi ya ishi kayen lakkol da babbar takarda irin ta ofis. A huda shi kusurwa huɗu, a zura igiyar kaba ko ta roba, a ƙulla ta ƙarƙashi, a rataye ga azarar rufi. Mai son hawa biyu ko uku sai ya yi ƙulli a igiyar, ya bar santimita 30 tsakanin katako da katako. Idan katakon ya wuce santimita 80, nauyin littattafai zai lanƙwasa shi a tsakiya. Don hana kusu saukowa ta igiya, a huda murfin gwangwani ko tsohon faranti a zura shi a igiyar can sama. Wanda bai da katako yana iya jera sanduna miƙaƙƙu ya ɗaure su kamar gadon kara. Rassan da ake ragewa wajen sassaben zamani sun isa, ba sai an sare ɗanyen icce ba. Wannan dubara ita ta fi dacewa da kago da bukka, inda bango yake zagaye ko kuwa na zana ne.

Dubara ta biyu ita ce alkuki. Maginan da suna barin gurbi cikin bango don aje fitila. Mai shirin gina sabuwar shigifa ya gaya wa magini ya bar masa irin gurbin nan, amma ya fi na fitila girma: faɗi kamu guda, tsawo kamu guda, nisansa daga ƙasa kamu uku. A yi shi a bangon da ruwa ba ya duka. A nan ƙasar hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ya fi jiƙa. A shafe cikin gurbin da siminti, a bari ya bushe sarai kafin a sa kome, sa'an nan a saka masa ɗan labule don ƙura. Alkuki ba ya cin ko taki guda na filin ɗaki. Sai dai wanda ɗakinsa tsoho ne kada ya fafe bango, don yana iya raunana shi.

Dubara ta uku ita ce kantar kusurwa da ta bisa ƙofa. Kusurwar ɗaki ba ta ɗaukar gado, ba ta ɗaukar tabarma. Kafinta zai iya yanka katako mai kusurwa uku a aza shi bisa turaku biyu da aka kafa a bango. Turakun su zama na ƙarfe, ko guntun azarar giginya wadda gara ba ta so. A bar tsakanin yatsa biyu daga littafi zuwa bango, don iska ta wuce, don kuma ido ya ga hanyar gara da wuri.

Dubara ta huɗu ta wanda bai da ko dala ce. Bidon roba na man girki da ya fashe, a yanke gefensa guda, a wanke shi da toka ko sabulu har maiƙo ya fita, a shanya, a rataye shi da ƙusa ta wajen mariƙinsa. Gara ba ta cin roba. Bido biyu ko uku a jere sun zama kanta: guda na maigida, guda na uwargida, guda na ƴan lakkol. Makiyaya na arewa, wajen Tarka da Bermo, waɗanda ba su zama wuri guda, gafaka ta fi musu, irin wadda malamai ke sa Alƙur'ani su rataye.

Takardun da ba a samun madadinsu da sauƙi, su akwatin ƙarfe ya kamata. A cikin akwatunan ƙarfe ne mutanen Tumbutu suka kwashe dubban tsofaffin littattafansu zuwa Bamako a 2012 da 2013, lokacin da yaƙi ya ci garin. Amma da suka isa can, danshi ya zama sabon abin tsoro. Darasi ke nan: akwati yana tsare kusu da gara, ba ya tsare gumi. A aza shi bisa duwatsu ko gwangwanaye huɗu, kada ya zauna a daɓe. A sa takardu cikin leda sai in sun bushe ƙayau. A zuba busasshen ganyen dogon yaro a ciki, yana rage ƙwari. Damanar 2024 ta rusa gidaje da yawa a jahar Maraɗi, har tsohon masallacin Zinder ya faɗi a watan Satumba na shekarar. Wanda takardunsa ke cikin leda guda, a wuri guda da kowa ya sani, shi ke iya fita da su cikin dare.

Wajen jeri, Alƙur'ani shi ke can bisa, ba a aza kome a kansa. Littattafai masu kauri a tsaye, kaye da jarida a kwance. Fitila, kwalbar kananzir, tsohon batir da abinci ba su hawa kantar littafi. Littafin da ake karantawa kullum kuwa a sa shi inda hannu ke kaiwa, don wanda aka ɓoye ƙwarai ba a karanta shi.

Kowace Juma'a a kakkaɓe kanta, a duba bango da igiya. In an ga hanyar gara a kankare ta nan take, a bi ta har inda ta fito. Da ƙarshen damana a fitar da littattafai su sha iska a inuwa, ban da rana, don rana tana ƙona takarda ta sa ta karyewa.

Ɗaliban yaƙi da jahilci su tada wannan magana a makarantunsu. Mutum biyar in sun haɗa kuɗi suka sayi katako guda mai tsawon mita 4, kafinta ya raba musu, kowa ya samu kantarsa ta santimita 80. Gara ba ta jiran kowa, a yi aikin tun ruwa bai sauka ba.

Filin wata mai zuwa zai yi bayani kan yadda ake ɗinke littafin da ya yage da yi masa bango.