ALLURAR GWIWA: SAUƘI TAKE KAWOWA, BA WARAKA BA

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

A wannan mako ina so in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal, a kan allurar da ake yi a cikin gwiwa saboda ciwon sanyin ƙashi, wadda wasu asibitocin kuɗi na nan Abuja ke tallarta. Maganar ta shafe ku, domin ku ne ke aiko da kuɗin maganin tsofaffi a gida, wasunku kuma dako da tura baro sun fara taɓa gwiwoyinsu.

Shi wannan ciwo, guringuntsin da ke rufe kan ƙasusuwan gwiwa ne yake zaizayewa sannu a hankali, saboda shekaru ko ƙiba ko tsohon rauni ko ɗaukar kaya masu nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 365 ne ke fama da shi a gwiwa. Kuma har yau babu allurar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Duk wanda ya ce maka tasa tana warkarwa, to, ka riƙe aljihunka.

Allurar iri uku ce aka fi yi. Ta farko ita ce ta kotizon, wadda ke kwantar da kumburi. Tana aiki, amma hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta ce sauƙin nata daga mako 2 ne zuwa 10. A 2017 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka a kan mutum 140. An yi wa rabinsu kotizon duk bayan wata uku har shekara biyu, sauran kuma ruwan gishiri. Da aka duba, ciwon ɓangarorin biyu bai bambanta ba, sai ma guringuntsin masu kotizon ya fi zaizayewa.

Ta biyu wani ruwa ne mai yauƙi, sinadarin hayaluronik, wanda ake cewa kamar zuba wa inji mai ne. A 2022 hukumar nan ta Ingila ta ce kada a riƙa ba masu wannan ciwo ita, domin ba a ga amfaninta a fili ba. Ta uku, wadda ake kira PRP, jinin mutum ake ɗiba a juya shi a na'ura, a tace wani sashe a mayar masa cikin gwiwa. A 2021 an buga sakamakon gwajinta a Ostareliya a kan mutum 288, bayan shekara guda ba ta fi ruwan gishiri ba. Ga shi kuwa waɗannan biyun su ne masu tsada.

Ba ina cewa a guji allura ɗungum ba ne. Dattijon da gwiwa ta kumbura har ta hana shi barci, ko mai shirin ɗawafi da Safa da Marwa, kotizon a hannun likitan ƙashi na iya ba shi 'yan makonnin da zai miƙe ya fara motsa ƙafa. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya kwashe ribar goron shekara, ko ya sayar da ɗan sa, yana tsammanin Baba ya rabu da ciwo ke nan, bayan wata biyu a bugo masa waya a ce tsugune ba ta ƙare ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne kai gwiwa wurin mai kemis ko mai yawon allura a tasha. Lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne, bai kai ga huda gaɓa ba. In ƙwayar cuta ta bi allura ta shiga gwiwa, cikin 'yan kwanaki sai ta yi mugunya ta lalata gaɓar. Wanda gwiwarsa ta yi zafi ta kumbura bayan allura, ga zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar. Mai ciwon sukari kuma ya faɗa wa likita tun farko, domin kotizon na ɗaga sukari na 'yan kwanaki.

To, ina mafita? Na Ikko ga Asibitin Ƙashi na Igbobi, na Gabas ga na Inugu, na gida ga na Dala a Kano, a Abuja kuma ga Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Kafin a biya ko kwabo, a tambayi likita sunan allurar, da tsawon lokacin da za ta yi aiki, da abin da zai biyo baya. Maganin da likitoci suka fi amincewa da shi kuwa shi ne mafi araha: motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, dogara sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, da rage ƙiba, tun da kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kilo kusan 4 a kowane taku. Salla a zaune kuma malamai sun halatta ta ga wanda ya gaza. In gwiwar ta ƙare sarai, tiyatar sauya gaɓa ce maganar, gara a tara kuɗin dominta.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumar da ke yi wa likitoci rajista, da NAFDAC, su sa ido a kan masu tallar waraka da allura. Ku kuma 'yan'uwa, ku isar da wannan saƙo gida, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.