Cire Injekta a Sa Kafireta Biyu: Ci Gaban Mai Haƙan Rijiya

A Ingila akwai masu sha'awar tsofaffin ƙananan motoci, irin su Peugeot 205 GTI ta 1984, waɗanda kan cire injekta su ɗaura kafireta biyu ƙirar Weber. Hujjarsu ita ce kowace silinda za ta sami maƙogwaronta na shaƙar iska, kuma rurin injin ya fi daɗi. Kanikawanmu ma kan yi makamancin haka, da kafireta ɗaya, don gudun wahalar gyara.

A ganina, hasarar ta fi ribar yawa. Fetur na ƙonewa sarai ne idan awo ɗaya nasa ya gauraya da awo 14.7 na iska. Injekta kan auna iskar kafin ta feso mai. Kafireta kuwa kintace take yi, sai shan mai da hayaƙi su ƙaru. Shi ya sa dokar hayaƙi ta Turai ta 1992 ta kawo ƙarshen yayinta.

Ga kuma haɗari: famfon injekta na tura mai da ƙarfin da ya ninka abin da kafireta ke ɗauka kusan sau goma. In ba a sauya shi ba, mai zai malala kan inji mai zafi, ya jawo gobara.

Saboda haka, gara bakanike ya koyi gyaran injekta da ya cire ta.