KIMIYYA A ƘOFAR GIDA: Hirar da Ake Yi a Cikin Silin Ajinku

 

Makon jiya aiki ya kai mu hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal. Mun yada zango a wata sakandare da ke tsakanin garuruwan biyu, bayan la'asar sakaliya. Muna zaune a wani aji tare da wasu ɗalibai da suka tsaya bitar darasi, sai muka ji tsuwwa da 'yar kokawa a cikin silin. Wani yaro ya ce ɓeraye ne. Wata yarinya ta ce a'a, jemagu ne, kullum da yamma haka suke yi kafin su fita. Sai wani ɗan aji uku ya dube mu ya ce, "Malam, wai mi su ka hwaɗi?" Aji ya fashe da dariya. Mu kuwa ba mu yi dariya ba, domin tambayar da ya yi ita ce wadda masana a jami'o'in duniya suka shafe shekaru suna neman amsarta.

Kafin mu tashi kuma muka ji ɗaliban suna shawarar su kawo danƙo, su toshe ramin da laka, su huta da wari. Wannan ya sa muka ce bari darasin wannan mako ya zama na jemage, kafin a kai ga toshe ramin.

Bahaushe kan yi wa jemage kirari da ba ka ga tsuntsu ba ka ga dabba. Kimiyya ta raba wannan gardama. Jemage dabba ce mai gashi, mai haihuwa, mai shayar da ɗanta nono, kuma a cikin dabbobi masu shayarwa ita kaɗai ce ke tashi da fukafukanta. Akwai irin jemage fiye da 1,400 a duniya, kusan 100 daga ciki ana samunsu a Najeriya. A yankinmu za ku ga manya masu fuska kamar ta kare, masu shan mangwaro da 'ya'yan dogonyaro. Akwai kuma ƙanana masu cin ƙwari, waɗanda ke kwana a silin, da kogon itace, da tsagar bango. Waɗannan ƙananan su ne muka ji a ajin nan.

Daga cikin masu cin ƙwari akwai dangin da masana ke kira serotin. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa "na yamma". Wanda aka fi nazari a cikinsu yana zaune a Turai da wani sashe na Asiya. Nauyinsa gram 15 zuwa 35 ne, in ya buɗe fukafukai sukan kai santimita 37, kuma ya fi son kwana a rufin gidajen mutane. Danginsa suna nan Afirka ta Yamma. Akwai ma wani da ake kira serotin na Legas, wanda masani Oldfield Thomas na Ingila ya bayyana a 1901.

Ƙaramin jemage yana da murya iri biyu, kuma aikinsu daban ne.

Ta farko ita ce muryar neman hanya. Jemage ba makaho ba ne, yana da ido kuma yana gani. Amma farautar ƙwaro cikin duhu ta fi ƙarfin ido. Don haka yakan yi ƙara mai kaifi, ƙarar ta daki abin da ke gabansa ta dawo, shi kuma ya saurari amsa-kuwwar. Daga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo yake gane nisan abin.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Sauti na tafiyar mita 340 a sakan ɗaya, ko kusa da haka. In kun tsaya mita 17 daga wani dogon bango kuka tafa hannu, sautin zai yi mita 34 zuwa da dawowa. Raba 34 da 340, za ku sami sakan 0.1. Wannan shi ne ɗan tsaikon da kunnen mutum ke buƙata kafin ya rarrabe tafi da amsarsa. To ku ɗauka ƙwaro na mita 1.7 daga jemage. Zuwa da dawowa mita 3.4 ke nan, watau sakan 0.01. Kunnenmu ba zai raba wannan ba, amma na jemage yana rabawa, har ya san ko ƙwaron ya karkata dama ko hagu. Yana neman abinci yakan yi kira 5 zuwa 10 a sakan. In ya matso ƙwaron sai ya ƙara sauri har kiran ya haura 100 a sakan, sannan ya cafke.

Me ya sa ba ma jin wannan ƙara? Sauti kaɗawar iska ce. Yawan kaɗawar a sakan ɗaya shi ne littafinku na fizis ke aunawa da hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga 20 zuwa 20,000. Serotin na Turai kuwa ƙarfin kiransa yana wajen 25,000 zuwa 27,000, ya wuce iyakar kunnenmu. Akwai dalilin da ya sa yake hawa can sama. In kun raba 340 da 25,000 za ku sami kusan santimita ɗaya da rabi, wannan shi ne tsawon zangon sautin, kuma ya yi daidai da girman buzuzu. Sauti mai gajeren zango shi ke dakan ƙaramin abu ya dawo da kyau. Muryar mutum zangonta na iya kai mita guda, sai ta wuce ƙwaro ba tare da wata amsa mai amfani ba.

An daɗe kafin a gano wannan. A shekarun 1790 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura jemage na kauce wa cikas ko da ba ya gani. Louis Jurine na Janeba ya toshe wa jemagu kunne, sai suka riƙa karo da abubuwa. Mutane da yawa ba su yarda ba, domin ba wanda ke jin wata ƙara. Sai daga 1938 Donald Griffin, yana ɗalibi a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya sami na'urar da ke kama sautin da ya wuce kunnen mutum, daga baya shi da abokinsa Robert Galambos suka tabbatar da lamarin. Ku lura, ɗalibi ne.

Murya ta biyu ita ce ta zaman tare, kuma ita ce ɗalibin nan ya tambaya. Wannan ba don a ji amsa-kuwwa ake yinta ba, don wani jemagen ya ji ne. Yawanci ta fi ta farauta kauri da tsawo, saboda sauti mai kauri ya fi tafiya nesa kafin iska ta cinye shi. Shi ya sa wani sashe nata ke faɗowa cikin abin da kunnenmu ke kamawa. An san serotin da yawan surutu a makwancinsa kafin fitar yamma, musamman ranar da ake zafi, har mutumin da ke tsaye a ƙasa ya ji.

To me suke faɗa? Masana sun kasa kiraye-kirayen gida-gida. Akwai na faɗa a kan wurin kwana. Akwai na korar abokin hamayya daga wurin da ake kiwo, kuma an ga wasu ƙananan jemagun Turai sun fi yin sa a daren da ƙwari suka yi ƙaranci. Akwai kukan neman agaji in an kama jemage, wanda kan jawo 'yan uwansa su zo suna shawagi. Akwai na namiji mai neman mace. Wannan na ƙarshe kuna iya jinsa a gida: ƙarar nan mai kama da ana buga ƙaramin ƙarfe, tin, tin, tin, daga bishiyar mangwaro da tsakar dare, sau da yawa namijin wani jemage mai cin 'ya'yan itace ne yake tallan kansa.

A 2016 Yossi Yovel da abokan aikinsa a Jami'ar Tel Abib suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun ɗauki murya da hoton jemagun Masar 22 masu cin 'ya'yan itace har kwana 75, suka tace kira kusan 15,000 da kwamfuta. Sun gano yawanci cacar baki ce: a kan abinci, a kan wurin barci, a kan wani ya matse wani, ko mace na korar namijin da ba ta so. Kwamfutar ta iya gane wanda ya yi kiran a mafi yawan lokuta, har ma wani lokaci da wanda aka yi kiran dominsa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ya san irin wannan hira.

Kiran da ya fi taɓa mu shi ne na uwa da ɗa. Matan serotin kan taru wuri ɗaya su haihu, kowace yawanci ɗa ɗaya a shekara. Da yamma uwa ta fita kiwo ta bar jaririn cikin tarin jarirai. In ta dawo, ɗan yana kira, ita tana amsawa, da murya da ƙanshi take gane nata. A kogon Bracken na jihar Texas a Amurka, miliyoyin jemagu mata ke haihuwa wuri ɗaya, kuma binciken Gary McCracken na 1984 a kan irin waɗannan jemagu ya nuna mafi yawan iyaye nasu 'ya'yan suke shayarwa. A 2021 kuma Ahana Fernandez da Mirjam Knörnschild suka nuna 'ya'yan wani jemage na Panama da Kosta Rika suna gwaranci kamar jariran mutane, suna maimaita gaɓa ɗaya suna koyon muryar manya, wani lokaci har minti 43 ba tsayawa.

Yanzu mu koma ga ramin da ake son toshewa. A ƙasashe irin namu masu rani da damina, ƙananan jemagu da yawa kan haihu ne wajen faɗuwar damina, lokacin da ƙwari suka yi yawa. In aka toshe rami a wannan lokaci, iyaye na waje, 'ya'yan da ba su iya tashi ba na ciki. 'Ya'yan za su yi ta kira har yunwa ta kashe su, warin da ake gudu kuma ya ninka. Bayan haka an yi asarar ma'aikatan da ke kwana suna cin ƙwari a kan gonakin gero da dawa da lambunan fadama ba tare da an biya su ko sisi ba. Uwa mai shayarwa na iya cin ƙwari da suka kusa nauyin jikinta a dare ɗaya.

Ba mu ce ku zauna cikin wari ba. Kashin jemage in ya taru a silin yana ɓata aji, ƙurarsa kuma na iya jawo ciwon huhu. Abin yi shi ne ku kai magana ga shugaban makaranta. A jira sai 'ya'yan sun iya tashi. A rataya leda ko raga a bakin ramin ta yadda za su iya fita amma ba za su iya komawa ba, a bar ta kwanaki kaɗan, sannan a toshe. Manya su share kashin bayan sun yayyafa masa ruwa sun rufe hanci da baki. Kashin ma taki ne mai kyau ga lambun makaranta.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki: kada ku taɓa jemage da hannu, ko mai rai ko matacce. Wasu na ɗauke da ƙwayar cuta dangin ta cizon mahaukacin kare. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi a Legas aka fara gano ta a 1956. In jemage ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da raunin bai fi tsinin allura ba.

Ga aikin gida. Ku sami wurin da jemagu ke fita kusa da gidanku, da izinin iyaye, ku tsaya daga nesa kafin kiran sallar magariba. Ku rubuta lokacin da kuka fara jin tsuwwa, lokacin da na farko ya fito, da adadin waɗanda suka fita cikin minti 10. Ku yi haka kwana 7. Ku gayyaci wani babba ya saurara tare da ku. Mai yiwuwa ku ji abin da bai ji ba, domin kunne na rasa sauti mai kaifi da shekaru, kuma cika ƙarar waƙa a abin saƙalawa a kunne yana gaggauta wannan rashi.

Kada ku raina wannan aiki. Dakta Iroro Tanshi 'yar Najeriya ce, ta gano wani jemage da aka daɗe ba a gani ba a dutsen Afi na jihar Kuros Riba a 2016, ta kuma karɓi lambar yabo ta Whitley a 2021. 'Yan Shagari kuma ku tuna marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne da ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato.

Ku aiko mana da abin da kuka ƙirga, da sunan garinku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi tsari. Muna jiran na Boɗinga, Sifawa, Danchadi da Shagari musamman, mu ga silin wa ya fi surutu.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.