Dubai Zuwa Guangzhou: Lissafin Sa'o'i Ya Fi Na Kilomita

Fataken Nijeriya da ke zuwa sarin kaya ƙasar Sin ta hanyar Dubai sun fi mayar da hankali ga kuɗin tikiti da nisan tafiya a kan taswira, alhali kuwa abin da ke jawo musu asara shi ne sa'o'in da ba su sa cikin lissafi ba.

Tsakanin filin jirgin saman Dubai da filin Baiyun na birnin Guangzhou akwai tazarar kilomita kimanin 5,800 idan aka ja layi miƙaƙƙe. Jirgin fasinja na zamani yana cin kusan kilomita 900 a sa'a ɗaya, watau a takarda tafiyar sa'o'i shida da rabi ce. A zahiri kuwa zuwa yakan ɗauki sa'o'i bakwai zuwa takwas, dawowa kuma takwas zuwa tara.

Dalilan wannan bambanci sanannu ne. Da farko, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa can sama daga yamma zuwa gabas, wadda ke tura jirgi mai zuwa Sin, ta kuma danne mai dawowa, musamman a lokacin sanyi. Na biyu, jirgi yana bin hanyoyin da ƙasashe suka shata masa ne, kuma siyasa na iya toshe su a kowane lokaci. Alal misali, a shekarar 2019 Pakistan ta rufe sararin samaniyarta daga ƙarshen Fabrairu sakamakon rikicinta da Indiya, ba ta buɗe shi gaba ɗaya ba sai tsakiyar Yuli, abin da ya tilasta wa jirage masu yawa yin zagaye da ƙona ƙarin mai.

Haka zalika akwai bambancin agogo. Guangzhou tana gaban Dubai da sa'o'i huɗu, tana gaban Nijeriya da bakwai. Wanda ya tashi daga Dubai da ƙarfe goma na safe, ya yi sa'o'i bakwai da rabi a sama, zai sauka da tara da rabi na dare, bayan kasuwannin sari sun tashi. Wunin nan ya wuce ke nan, ga kuɗin masauki na jiransa.

Illar hakan ta fi bayyana a lokacin babban baje kolin Canton, wanda aka soma tun 1957, ake kuma yinsa sau biyu a shekara daga watan Afrilu da na Oktoba. An kasa shi zango uku, kowane zango kwana biyar, da irin kayan da ake bajewa a cikinsa. Falken da ya makara da kwana ɗaya ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na damar da ya biya kuɗin jirgi dominta.

Saboda haka tikiti mai rahusa da zai zaunar da mutum sa'o'i goma a filin jirgin Dubai, ya kuma sauke shi cikin dare a ranar buɗe kasuwa, araha ce wadda ba ta ado. Ya kyautu masu sayar da tikiti a Legas, Abuja da Kano su riƙa bayyana wa abokan cinikinsu jimillar sa'o'in tafiya, tsawon jiran canjin jirgi, da lokacin sauka bisa agogon Sin. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su shawarci mambobinsu da su isa Guangzhou aƙalla kwana ɗaya kafin zangon da ya shafi kayansu.